Atu, Mai Jitar da Aka Zare wa Tsani

Kafin rana ta yi zafi, Malam Atiku Maccido, wanda duk Kebbe ke kira Atu, ya riga ya zaga gonarsa ta gero, ya zuba wa shanun nomansa harawa, ya dawo gida. Sai ya wanke hannu sau biyu, na fari da toka, na biyu da sabulu, ya zauna kan turmin da aka kifa ya rage farcen hagunsa, ko da bai fito ba. Matarsa Mas'uda ta miƙo masa abar daga bayan ƙyaure, a naɗe cikin tsohon zane. Ya kwance, ya ɗiga man kaɗe a tsumma ya goge mata wuya, ya mayar ya naɗe, ya goya ta a baya, ya hau babur ya kama hanyar Tambuwal. Kwana uku a mako, rani da damina.

Masu shayin bakin tasha ba su taɓa barinsa ya wuce haka nan ba.

"Atu, ƙaƙa jinjiri ya kwana?"

"Lafiya lau. Ba shi kuka sai na taɓa shi."

Jinjirin nan jitar bes ce, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa. Shekara talatin da shida yana kaɗa ta, sha takwas daga ciki a ɗan situdiyon Jamaluddeen da ke bayan kasuwar Tambuwal. Watan jiya ya rataye ta, don kunnensa ya gaji. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko zakara ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Akwai kuma aikinsa na ƙarshe, wanda ya yi wa yayata Dada ta Jabo, da nake so a sani tun ita da shi suna raye.

An ce waƙa ta mawaƙi ce. Haka muka taso muka ji, haka ake rubutawa a jikin fasta. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa na daɗe da daina yarda da magana don kawai an ce. Ranar rabon kyauta, wanda ya karanta jawabi ake tafa wa, amma da ba a kafa rumfa ba da rana ta kori kowa. Waƙoƙin zamanin nan da 'yan acaɓa ke sakawa, da waɗanda ake cashewa da su a biki daga Tambuwal har Kebbe, wuya ka sami guda cikin uku da babu hannun Atu a ƙarƙashinta. Sai dai a ƙaramar lasifikar waya ba a jin bes. Ko a babba ma ba kunne ke fara jinta ba, ƙirji ne.

Na ga shaidar haka da idona a Sanyinna, wajen wani biki, bayan la'asar. Ana tsakiyar rawa wata akuya ta ratso fili ta fizge wayar jitarsa. Mawaƙi bai tsaya ba, fiyano na yi, ganga na yi. Amma sai na ga ƙafafun mata sun fara sanyi. Wata ta gyara ɗaurin kallabi ta koma gefe. Wata ta ce janareta ne ya rage ƙarfi. Wata ta harari mawaƙin ta ce, "Wanga bai ci abinci ba ya zo." Atu ya sunkuya, ya lalubo wayar cikin ƙasa, ya hure ta, ya mayar. Nan take fili ya sake cika. Ba wadda ta waiwaya ta dube shi. Daddawa ke nan: ba a ganinta a miya, sai ran da babu ita a zagi mai girki.

Wannan kam duk mai bes na ƙwarai zai iya. Abin da ya raba Atu da sauran yana wuyan jitarsa. Duk jitar da kuka sani tana da 'yan siraran ƙarafa a gicciye, jere kamar matakan tsani. Yatsa ya danna bayan wannan, amo kaza ya fito, ya danna bayan na gaba, na gaba ya fito. Tsakaninsu babu komai. Ta Atu ba ta da ko ɗaya. Wuyanta sumul yake kamar muciya.

Labari uku ne a gari game da haka. Wasu sun ce ya zaci azurfa ce ya cire ya kai wa maƙera. Wasu sun ce a kwance ya saye ta haka, an cuce shi. Wasu kuma, da yake ba mu rasa irinsu, sun ce mutanen ɓoye ne suka gindaya masa sharaɗi. Shekara da shekaru ana yaɗa wannan, ba wanda ya taka ya tambayi mai abin. Ni na tambaya.

Ya yi dariya har ya tuntsire. "Malama, filaya na aro wurin mai faci na zare su da hannuna. Na cike gurabun da garin katako da gam, na goge da sanfefa. Mai ƙungiyar da nika yi wa kiɗa a Sakkwato ya ce na haukace, ya kore ni mako biyu."

Na ce don me ya yi haka.

"Ki saurari mace in tana kiran ɗanta daga bakin rijiya. Tsani taka hawa? Ko saniya in ta hango maraƙinta da marece. Muryar tana tashi ta lanƙwasa ta sauko, kamar hanyar rafi. Goge ba shi da ƙarfe, gurmi ba shi da ƙarfe, don mi? Don su bi mutum. Ni kuma anka ba ni abin da ke cewa mutum ya biyo shi. Mawaƙi ya gangara, ni in yi tsalle. Na ji kunya na cire."

Na ce to yaya yake gane inda zai sa yatsa, babu alama.

Ya taɓa kunnensa. "Mai ƙarfe ko kurma ya iya ta. Tawa sai da wanga."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Yanzu ga Dada. 'Yar wan mahaifina ce, ta haura tamanin, kuma ita ce ta ƙarshe a Jabo da ta riƙe waƙar daɓe tun daga kai har gindi. Yaran siminti ba su san daɓe ba. Da, in an gina ɗaki, mata ke taruwa, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, kowace da madaɓinta na icce, a yi ta dukan ƙasa ana waƙa har ta kwanta ta yi sheƙi. Waƙar da Dada ta gada tana jero sunayen matan da suka yi daɓe a garin, uwa ta miƙa wa 'ya, kowace da ɗan kirarinta. Suna arba'in da ɗaya. Ba a rubuta su ko'ina ba. Matan nan ba su da hoto, kaburburansu ma sun baje. In Dada ta tafi da waƙar, sun tafi ke nan karo na biyu. A cikinsu akwai Ni'imatu, 'yar Jabo da aka kai aure Kebbe, wadda ta haifi Atu.

Jikan Dada, Bilyaminu, mawaƙin zamani ne, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma yana da hankali. Shi ya yi tunanin ɗaukar muryar kakarsa ya gina sabuwar waƙa a kanta. Shekara biyu da suka wuce ya lallaɓa ta muka je situdiyo, ni ce 'yar rakiya. Ranar Atu na gona yana yankan gero.

Aka zaunar da ita kan kujera, aka rufe ƙofa, aka toshe mata kunne da abin saurare, aka saki fiyano aka ce ta bi. Ta yi. Jamaluddeen yana duban allon kwamfuta yana girgiza kai.

"Dada, kina fita layi."

"Wane layi, ɗan nan? Asibiti muke?"

Ya ce kada ta damu, akwai abin da ke miƙe murya. Ba mugunta ya yi ba, abin da ya koya ke nan, kuma kowa haka yake yi. Ya danna nan ya danna can, duk inda muryarta ta lanƙwasa ya ɗora ta kan mataki mafi kusa. Aka saka mata ta ji. Ta saurara har sunan Ni'imatu ya wuce, sannan ta cire abin daga kunnenta ta aje a hankali.

"Wagga wa ta?"

Bilyaminu ya ce, "Ke ce mana, amaryata."

"Rufe min baki, mijin banza. Wagga ba ni ba ta. Kun ɗauko wata mai mura kun sa mata sunayen uwayena a baki." Ta miƙe ta ja mayafi. "Gara su kwanta da ni."

Daga ranar ba ta ƙara rera ko baiti ba, ko a tsakar gida. Aka yi ta ba ta baki, ta ce ita ba ta iya waƙa ba, ai kwamfuta ta faɗa. Bara kuma ciwon ƙirji ya kwantar da ita wata biyu, ta tashi numfashinta ya ragu.

A daidai wannan tsakanin kunnen Atu ya fara janyewa. Mas'uda ce ta fara lura, da ta ga rediyonsa na tashin maƙwabta. Hagu ya fara tafiya, dama ta bi a hankali. Likita a Sakkwato ya ce shekaru ne da zaman kusa da lasifika, ba abin da zai dawo. A wurin aiki yatsansa ya soma zarce gurbi da kaɗan, shi bai ji ba. Jamaluddeen, Allah ya yi masa albarka, sai ya riƙa cewa wuta ce ta yi rawa, a sake.

Mas'uda da bakinta ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ashe ƙarafan nan ba maƙera suka je ba. Suna cikin gwangwanin madara a ƙasan adakarta, tun tana amarya. Ta ɗauko ta girgiza masa a gaban fuska.

"Malam, ga azurfarka. Ka kai a maida su. Da su ko ba ka ji, yatsa ya san gidansa, ka ƙara shekara goma kana aikinka."

Ta ce ya daɗe yana juya gwangwanin. Sannan ya ce, "Aje tukuna. Akwai aiki guda da ba ya yiwuwa da su, kuma daga ni har mai shi ba mu da lokaci."

Washegari ya goya jinjirinsa, bai nufi Tambuwal ba, ya nufi Jabo. Ranar ina gidan Dada. Ya tarar da Dada tana ɓarar gyaɗa, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ɗan Ni'imatu, in kai ma miƙe ni ka zo yi, babur ɗinka bai huce ba, koma."

Ya sauke jinjirin daga baya. Ya kwance zanen, ya ɗora mata wuyan jitar a cinya. "Shafa ki ji, Inna."

Ta shafa daga sama har ƙasa. "An yi mata aski."

"Ba ta da layi. Inda kika nufa nan taka zuwa."

"Ba ni komawa ɗakin nan mai kama da kabari."

"Ba ki komawa. Ni dai ɗakin ajiyarki na gani ƙasa duk ta fashe. Ba ki jin kunya, ke da kika daɓe rabin garin ga?"

Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Amma na ga bakinta ya motsa.

Ga abin da Atu ya gane, wanda mu masu boko muka kasa ganewa: waƙar daɓe ba ta fitowa daga kan kujera. Tana fitowa ne daga kafaɗa, tare da saukar madaɓi. Mako guda ya yi yana jigila. Ya kawo tsakuwa a amalanke, ya nemo ɓawon ɗorawa aka jiƙa makuba, ya bi gida gida yana tambayar tsofaffin madaɓai, aka zaro wasu daga ƙarƙashin rumbu, gara ta ci gefensu. Ya tara tsofaffi bakwai. Ya shawo kan Jamaluddeen ya ɗauko kayan ɗaukar murya a babur, aka rataye makirfo a azara.

Ranar, da hantsi, sai rigima ta tashi. Matan suka ce namiji ba ya zama wurin daɓe, don akwai baitocin da ba na kunnen maza ba ne. Aka kora Jamaluddeen da Bilyaminu bayan katanga da doguwar waya. Aka juyo kan Atu.

Dada ta ce, "Ku bar wanga. Ba shi ji."

Aka kwashe da dariya, har da shi, da ya ga ana yi.

Ya zauna a lungu kan buhu. Sai na ga ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗago jitar sama, ya sunkuyar da kai, ya manna muƙamuƙinsa a jikin katakonta. Daga baya ya gaya mini abin da kunne ya hana shi, ƙashi na ba shi. Kunnen dama kuma, ɗan abin da ya rage, ya juya shi wajen Dada. Idonsa na kan maƙogwaronta.

Madaɓai suka fara sauka, tim, tim. Dada ba ta da ƙarfin duka, amma ta riƙe nata tana taɓa ƙasa da shi. Aka yi ta yi, ba ta buɗe baki ba. Atu bai matsa mata ba. Amo ɗaya ya riƙe, can ƙasa, yana ɗan jan shi sama ya sake shi, kamar mai cewa "to?" Sau nawa ya yi ban ƙirga ba. Sai muka ji muryarta, siririya, tana rawa:

"Ƙasa ki kwanta, ƙasa ki kwanta,
Mu ma wata rana muna kwanta miki."

Ba shi ya ja ta ba, ita ta ja shi. Ta hau, ya bi ta a baya da taki guda. Ta gangaro ta tsaya a wani wuri da babu shi a fiyano, ya zame ya same ta can ya zauna tare da ita. Inda numfashi ya yanke mata, ya riƙe wurin da ɗumi har ta dawo, kamar mai riƙe wa tsohuwa ƙofa. Sunaye suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan "Ni'imatu mai madaɓin ƙirya, ta tafi Kebbe da hannunta," ban san ko ya ji ko a leɓenta ya karanta ba. Hawaye dai na gani yana bin katakon. Yatsan bai kauce ba.

Arba'in da ɗaya cif. Ɗaki ya daɓu, waƙa ta ɗauku.

A situdiyo Atu ya kafa sharaɗi guda: kada a taɓa muryar. A ɗora komai a kanta, kada a ɗora ta kan komai. Dukan madaɓai ya zama ganga, aka sa fiyano kaɗan a inda ya dace, ya yi shiru a inda bai dace ba, Bilyaminu ya shigo da amshi da nasa baitocin. Aka kai wa Dada a babbar lasifika. Ta saurara ido rufe har ƙarshe.

"Awo," ta ce. "Ni ta."

Sannan ta dubi Bilyaminu. "Kai kuma miji, ka rage ihu."

Yau waƙar na cikin wayoyi daga Jabo har Sanyinna. 'Yan mata da ba su taɓa ganin madaɓi ba suna rera sunayen kakannin kakanninsu suna rawa. A fasta sunan Bilyaminu ne da hotonsa, da na Dada a ƙasa. Na duba gaba da baya ban ga na Atu ba. Da na yi faɗa, shi ya hana ni. Ya ce wa ya taɓa shafa wa tushen gini farar ƙasa?

Bayan nan ne Mas'uda ta sake fito da gwangwanin. Ta ce aikin ya ƙare, sai a maida ƙarafa ya ci gaba da sana'arsa. Ya girgiza shi kusa da kunnen dama, ya miƙa mata.

"In na maida su zan buga, amma ba ni ba ne. Kin ji abin da tsohuwa ta ce ran da anka miƙe ta."

Na san akwai masu cewa kiɗa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, balle ga wanda bai gada ba. Ban zo yin fatawa ba, ba fagena ba ne. Na dai ga da yawa cikin masu faɗin haka suna kaɗa ƙafa a ƙarƙashin babbar riga. Abin da na shaida shi ne mutumin nan bai taɓa roƙon kowa ba, bai zagi kowa da tsirkiya ba, kiran salla kuma ko ana tsakiyar ɗauka yake jingine jita.

Atu, kai ne ka yarda ka zauna a ƙasa don wasu su tsaya a kanka. Kai ne aka ba tsani ka ce a'a, mutane ba haka suke tafiya ba. Kai ne ka kashe ragowar jinka a kan muryar tsohuwa, alhali kana iya adana shi. Gindin kuka, mai ɗaukar rassan da ake yabo. Ni da Dada da mata arba'in da ɗaya da ba su da bakin godiya, mun gode. Allah ya saka maka, ya jiƙan Ni'imatu, ya sa ka ji kiran da ya fi kowane daɗi ranar da kunnuwa duka za su buɗe.

Ku kuma samari masu situdiyo, ban ce kowa ya aro filaya ba. Na ce kafin ku ce mutum ya fita layi, ku tambayi wa ya ja layin. Malamai da ma'aikatan asibiti da masu ofis, maganar ta shafe ku.

Sauranmu, in waƙar Dada ta zo, a nemi babbar lasifika, a ɗora tafi a ƙirji. Abin nan da ke motsi ƙarƙashin hannu, Atu ne. Haka shi ma yake sauraronta yanzu: Mas'uda ta ce rungume lasifikar yake yi, in an kusa sunan mahaifiyarsa ta taɓa masa kafaɗa.

Yana nan Kebbe, yana zuwa gona kullum. Wanda ya gamu da shi ya tsaya ya gaishe shi. Ku tsaya ta damansa, ku ɗaga murya.